Tambayoyi da Amsoshi a Kan Zaɓen Injin Feshi Don Rina Shingen Katako da Kare Shi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka kafa shingen katako a gida, ko a lambu, ko a gidan gona, suka kuma lura cewa bin kowane falle da buroshi zai cinye musu kwanaki. An fara da masu sauƙi kafin a kai ga masu buƙatar dogon bayani, kuma duk inda wata amsa ta dogara da wata, an nuna wurin da za a duba.

Mene ne bambanci tsakanin rinin katako, man kariya da fenti?

Fenti yana kwanciya ne a saman katako ya zama kamar fata, ya rufe zanen itacen gaba ɗaya, kuma ranar da ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashinsa sai ya fara kumbura yana ɓarewa. Rini kuwa ruwa ne mai ɗauke da launi wanda katako ke sha, don haka yawancinsa ba ya ɓarewa, sai dai ya riƙa koɗewa a hankali. Shi man kariya aikinsa hana ruwa ratsa katako, kuma yawancinsa ba shi da launi. Kada a rikita shi da silar da kafintoci ke shafa wa kujeru da gadaje kafin su yi musu ƙyalli, domin waccan ta cikin ɗaki ce, ba ta jure rana da ruwan sama.

Abin da ke mayar da sabon katako ruwan toka shi ne hasken rana, wanda ke cinye sinadarin da ya ɗaure zaren itace, kuma launin da ke cikin rini ne ke tare wannan haske. Saboda haka man da ba shi da launi yana hana ruwa shiga, amma ba ya hana katako yin toka-toka. Ana sayar da rini hawa-hawa: akwai wanda launinsa kaɗan ne ƙwarai, akwai wanda ke ba da launi amma zanen itacen na bayyana ta cikinsa, akwai kuma mai duhu wanda ya kusa zama fenti a kauri da kamanni. Yawancin gwangwanayen da ake yi domin shinge sun haɗa rini da kariya a ruwa ɗaya, wato feshi ɗaya ya ɗauke aiki biyu.

Dole ne sai da injin feshi?

Ba dole ba ne. Shingen da bai wuce mita goma ba, buroshi mai faɗi da rola sun ishe shi, kuma lokacin da za a ɓata wajen rufe kayan da ke kusa da wanke inji ya fi lokacin da injin zai rage. Amfanin inji yana fitowa ne idan shingen na da tsawo, ko katakon na da kaushi kamar yadda ya fito daga injin yanka, ko kuma an yi shi da ramuka da lunguna da yawa waɗanda buroshi ke wahalar shiga.

Injin feshi iri nawa ne ake amfani da shi a wannan aiki?

Iri huɗu ne. Na farko shi ne famfon hannu, irin wanda manoma ke goyawa suna feshin magani. Na biyu ƙaramin injin lantarki ne mai hura iska da yawa a kan ƙaramin matsi, wanda za a ga an rubuta HVLP a kwalinsa. Na uku shi ne injin matsi marar iska, wanda ake rubuta wa Airless, shi kuma ba ya gauraya ruwan da iska, tura shi kawai yake yi da ƙarfi ta wani ɗan rami har ya tarwatse. Na huɗu ita ce bindigar feshi da ake haɗawa da kwamfuresa, irin ta masu fentin mota. Kowannensu yana da amsarsa a ƙasa.

Me ya kamata a fara dubawa kafin a sayi inji?

A fara da gwangwanin rinin, ba da injin ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sayo inji saboda sunansa ko arhar sa, sa'an nan ya je neman ruwan da zai zuba, ya tarar injin ba ya iya tura shi, ko kuma yana kwararo shi fiye da abin da katako zai sha. Kaurin ruwan ne ke zaɓen inji. Ruwa mai tsinki kamar shayi, kowane daga cikin huɗun nan zai fesa shi. Wanda ya kai kaurin madara yana buƙatar injin lantarki. Mai duhun nan da ya yi kusa da kaurin fenti kuwa ya fi fita da kyau a injin matsi marar iska. A bayan gwangwani kamfani yakan rubuta ko an yarda a fesa ruwan, da irin injin da ya dace, da girman bakin feshi, da abin da za a wanke kayan aiki da shi, kuma wannan rubutu ya fi shawarar kowane mai shago.

Abu na biyu shi ne girman shingen, na uku kuma abin da ke kewaye da shi. Dogon shinge a fili, inda babu mota ko ginin kowa a kusa, ya dace da inji mai sauri. Gajeren shinge a cikin unguwa, wanda tagar maƙwabci ke kallonsa, ya fi dacewa da inji mai ƙaramin matsi ko da zai ɗauki lokaci. Sai a ƙarshe a tambayi kai sau nawa za a sake amfani da injin, domin idan aikin na sau ɗaya ne, haya ko ɗaukar mai fenti da kayansa ya fi saye.

Famfon feshin gona zai iya wannan aiki?

Zai iya, amma a kan ruwa mai tsinki kaɗai, wato man kariya marar launi da rinin mai wanda launinsa bai yi yawa ba. Matsinsa kaɗan ne, yawanci bai wuce 3 zuwa 4 ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, don haka ba ya niƙe ruwan ya zama laushi, yayyafa shi yake yi. Wannan ba aibi ba ne idan akwai mai bin bayansa da buroshi, domin a nan aikin famfon kai ruwa jikin katako ne kawai, buroshi ne ke shimfiɗa shi. Fa'idarsa a bayyane take: ba ya buƙatar wuta, tankinsa na ɗaukar lita 15 zuwa 20, kuma feshinsa ba ya tashi sama sosai.

Akwai sharuɗɗa uku. A sa masa bakin da ke fitar da ruwa a shimfiɗe kamar mafici, ba mai zagaye ba. Idan rinin na mai ne, a nemi famfon da robobin cikinsa ke jure mai, waɗanda ake kira Viton, domin robar gama-gari tana kumbura ta fara yoyo. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, kada a ari famfon da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari, kuma wanda aka zuba wa rini kada ya sake komawa kan amfanin gona. A kuma riƙa girgiza tankin lokaci-lokaci, saboda launi yana kwanciya a ƙasa, kuma idan an manta sai farkon shinge ya fito da launi dabam da ƙarshensa.

Ina matsayin ƙaramin injin lantarki mai hura iska?

Shi ne tsaka-tsaki, kuma ga mai shinge matsakaici wanda bai taɓa riƙe bindigar feshi ba, shi ne ya fi sauƙin koyo. Matsin iskar da ke fita a bakinsa bai wuce 10 ba a ma'aunin matsi da ake kira psi, saboda haka ruwan yana sauka a hankali, mafi yawansa yana zama a jikin katako. Yana da maɓallin rage ko ƙara yawan ruwa, ana kuma juya bakinsa feshin ya fita a tsaye ko a kwance. Kamfanin Wagner na Jamus ya yi suna a wannan fanni da jerin injinansa na FLEXiO, akwai kuma masu kwaikwayonsa da yawa a kasuwa, wasu na aiki, wasu kuma injinsu na ɗaukar zafi kafin a gama gefe ɗaya.

Rauninsa shi ne kofinsa, wanda yawanci lita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Idan aka duba lissafin da ke cikin amsar yawan rinin da za a saya, za a ga cewa shingen mita 30 yana nufin cika kofin nan kusan sau ashirin. Wanda ke da injin a jikin bindigar kuma yana gajiyar da hannu, don haka idan da hali a ɗauki wanda injinsa ke ajiye a ƙasa, mesa ce kaɗai ke kawo iska zuwa bindiga.

Yaushe injin matsi marar iska ya cancanci kuɗinsa?

Idan shingen ya kai mita hamsin ko fiye, ko rinin mai duhu ne mai kauri, ko kuma mutum yana da niyyar yin fentin gini da shi daga baya. Wannan inji yana zuƙo ruwa kai tsaye daga bokiti, ya tura shi da matsin da ke kai wa psi 3000, wato sama da bar 200, alhali tayar ƙaramar mota psi 30 da ɗoriya take ɗauka. Aikin da zai ci wa buroshi kwana uku, shi yakan gama shi a wuni guda. A cikin na gida da aka fi sani akwai Magnum X5 da X7 na kamfanin Graco da ke Amurka: na farkon yana ɗaukar bakin feshi har mai lamba 15, na biyun har 17 (ma'anar lambobin tana cikin amsar lambobin bakin feshi), kuma ga rinin shinge na farkon ma ya wadatar. Wagner na da jerin Control Pro, wanda ke aiki da kusan rabin wancan matsi domin rage feshin da ke tashi a iska.

Sai dai saurin nan yana da farashi. Shi ne ya fi kowanne watsa hazon feshi, shi ne ya fi cin rini, shi ne kuma ya fi wahalar wanki. Mesa mai faɗin rubu'in inci da tsawon mita 15 tana riƙe kusan rabin lita a cikinta kafin ɗigo ɗaya ya fita, ban da abin da ke cikin famfon. A ganina, wanda zai fesa rini mai tsinki a gajeren shinge ya sayi wannan inji ya sayi wahala ne kawai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin a kunna shi a karanta amsar da ke magana a kan haɗari.

Bindigar masu fentin mota fa?

Tana yi, musamman ga wanda ya riga yana da kwamfuresa ko zai ɗauko mai fentin da ke da ita. Matsalarta ita ce tana shan iska da yawa, ƙaramar kwamfuresa ba ta iya bin ta, sai a riƙa tsayawa ana jiran tanki ya cika. Kofinta ƙarami ne, kuma idan ba a sa abin tare ruwa a kan mesar ba, danshin da ke taruwa a tanki zai biyo iska ya ɓata rinin mai. A tuna kuma cewa hannun mai fentin mota ya saba da feshi siriri mai saurin bushewa, shi kuwa katako so yake a jiƙa shi sosai, don haka sai an gaya masa abin da ake nema.

Me lambobin da ke jikin bakin feshi ke nufi?

Wannan ya shafi injin matsi marar iska ne. Bakinsa yana ɗauke da lamba mai alƙaluma uku, kamar 311, 413 ko 515. Alƙalami na farko idan aka ninka shi biyu, shi ne faɗin feshin da inci, idan an riƙe bindigar nesa da katako da inci 12, wato santimita 30. Biyun ƙarshe kuwa girman ramin ne, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Ke nan 311 yana ba da feshi mai faɗin inci 6 ta rami mai lamba 11, shi kuma 515 yana ba da inci 10 ta rami mai lamba 15.

Rini mai tsinki da man kariya suna son rami daga 9 zuwa 13, mai duhu mai kauri kuma 13 zuwa 15. Injina da yawa suna zuwa da 515 a cikin kwali saboda fentin bango aka yi wa tanadi, kuma idan aka fesa rini mai tsinki da shi sai ya riƙa zuba yana gangarowa. A game da faɗi, shingen da ke da tazara tsakanin fallayensa yana son feshi siriri, 211 ko 311, domin duk abin da ya wuce faɗin falle ta cikin tazarar zai fice. Wanda fallayensa suka manne da juna kuwa, 411 ko 413 sun fi sauri.

Baki yana cinyewa da aiki. Alamarsa ita ce feshin ya ƙanƙance ya koma zagaye, ruwan da ke fita kuma ya ƙaru. Idan ya kai haka sai a canza shi, domin rinin da zai ɓarnatar ya fi kuɗin sabon baki. Matatar da ke cikin hannun bindiga ita ma a dace ta da ramin: mai lamba 100, wato mai ƙananan idanu, ita ce ta rini, mai lamba 60 ta fenti ce.

Rini nawa za a saya?

A auna tsawon shinge a ninka da tsayinsa, sa'an nan a ninka biyu idan za a yi gaba da baya. Shinge mai tsawon mita 30 da tsayin mita 1.8 yana da murabba'in mita 54 a gefe ɗaya, 108 a duka biyu. Katako mai kaushi yana shan lita ɗaya a kan murabba'in mita 4 zuwa 6, don haka idan aka ɗauki 5, ana buƙatar kusan lita 22 a shafi ɗaya. Adadin da ke jikin gwangwani yawanci na katako mai santsi ne, kuma bai lissafa dirkoki da sandunan gicciye da abin da iska za ta ɗauke ba, saboda haka yana da kyau a ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu idan da injin matsi za a yi. Idan gwangwanayen sun fi ɗaya, a juye su a babban bokiti a gauraya, domin launinsu kan ɗan saɓa ko da sunansu ɗaya.

Ana tsinka rini kafin a fesa? Da me?

Mafi yawan rinin shinge an riga an yi shi da tsinkin da ya dace, wasu kamfanoni ma sun hana a ƙara masa komai, domin tsinkawa tana rage launin da ke tare rana. Idan inji ya kasa tura shi, a fara da canza baki ko ƙara matsi kafin a taɓa ruwan. In kuma dole ne, na ruwa da ruwa ake tsinka shi, na mai kuma da irin tinar da gwangwanin ya ambata, kaɗan-kaɗan. Abin da ba a tsallakewa shi ne motsawa da sanda har ƙasan gwangwani, da tacewa ta ƙyalle mai laushi kafin a zuba a inji.

Al'adar tsinka fenti da fetur, wadda ta zama ruwan dare a wajen wasu masu fenti, ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Littafin da ke zuwa da injinan gida na Graco ya hana a zuba musu duk wani ruwa da tururinsa ke iya kama wuta a ƙasa da digiri 38 na ma'aunin Salshiyos, kuma fetur da tinar fentin mota duk suna cikin wannan rukuni. Injin lantarki yana ƙyasta wuta a cikinsa yayin da yake juyawa, tururin fetur kuwa ƙyastu ɗaya yake jira.

Yaya za a san katako ya shirya, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa?

Katakon da ke cike da ruwa ba shi da wurin da zai sa rini. Ana so danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100, kuma akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ke auna haka. In babu ita, a yayyafa ruwa a wurare da dama: idan katakon ya shanye cikin 'yan mintuna, zai sha rini, idan ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a sama, ko dai bai bushe ba ko kuma akwai tsohon mai a jikinsa. Katakon da aka dafa da magani a masana'anta yakan buƙaci makonni ko watanni kafin ya bushe, haka ma ɗanyen katakon da aka yanko aka kawo kasuwa ba da jimawa ba. Tsohon shinge kuwa sai an wanke shi, an kankare gansakuka da abin da ya ɓare, an bar shi ya bushe kamar kwana biyu.

Yawancin kamfanoni suna so a yi aikin tsakanin digiri 10 da 32, ba a cikin rana tsaka ba, kuma a samu awa 24 zuwa 48 ba ruwan sama. Ga wanda ke arewacin Najeriya ko kudancin Nijar wannan yana takaita lokaci ƙwarai. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, rinin ya bushe a sama kafin ya shiga ciki. A damina katako ba ya bushewa. A tsakiyar hunturu kuma ƙura ce za ta manne a jikin ɗanyen rini. Lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwa da 'yan makonni, kafin hazo ya yi ƙarfi, shi ya fi dacewa, kuma da hantsi bayan raɓa ta bushe, ana bin gefen da ke cikin inuwa.

Yaya ake riƙe bindigar, kuma me ya sa ake cewa sai an bi da buroshi?

A fara gwaji a kan kwali. A injin matsi, a soma da matsi kaɗan, a riƙa ƙarawa har layukan nan biyu masu kauri da ke fitowa a gefen feshin su ɓace, a tsaya nan. Duk abin da aka ƙara bayan haka hazo ne kawai. Nisan bindiga da katako santimita 30 ne ga injin matsi, 15 zuwa 20 ga mai hura iska. Bindigar ta fuskanci katako sosai, a motsa hannu gaba ɗaya maimakon karya wuyan hannu, a fara tafiya kafin a danna kunama, a kuma sake ta kafin a tsaya. Ana bin tsawon falle daga sama zuwa ƙasa, kowane layi ya hau kan rabin wanda ya gabace shi.

Batun buroshi kuwa, a nan ne aikin yake. Inji yana ɗora ruwa ne a saman katako, ba ya cusa shi cikin tsaga da ramukan ƙusa da kaushin itace. Buroshi mai faɗi da aka bi da shi tun rinin na ɗanye shi ke tura shi ciki, ya kwashe wanda ke gangarowa, ya daidaita launi. Shi ya sa aikin ya fi kyau da mutum biyu, ɗaya na feshi ɗaya na binsa, kuma mai feshin kada ya wuce falle huɗu ko biyar a gaban mai buroshi. A ba kawunan fallaye kulawa ta musamman, wato inda zarto ya yanka, domin ta nan ne katako ya fi shan ruwan sama, ta nan kuma ruɓa ke farawa. Idan gwangwani ya ce shafi biyu, a duba ko yana nufin a yi na biyun tun na farko bai bushe ba, domin rinin mai da yawa haka suke so.

Yaya za a hana feshin ɓata kayan maƙwabta?

A sanar da maƙwabci tun kafin ranar, ya janye motarsa, a kwashe shanya, a kawar da dabbobi da kwanukan ruwansu. A rataya tamfol ko leda a bayan shingen domin tare abin da ke ficewa ta tazara, a rufe shuke-shuke da daɓen siminti, wanda idan ya sha rinin mai da wuya ya sake fita. Leda a kan shuka kada ta daɗe a rana, tana dafa ganye. A saman shinge a riƙe faffaɗan kwali a bayan inda ake fesawa. Idan iska ta kai ta riƙa kaɗa ganyen bishiya sosai, a dakata, domin hazon injin matsi yana tafiya nesa fiye da yadda ido ke gani, kuma rinin mai yana isa jikin gilashin mota tun bai bushe ba.

Waɗanne haɗura ne ke cikin aikin?

Mafi muni shi ne na injin matsi marar iska: ruwan da ke fita daga bakinsa yana huda fata ya shiga cikin nama. A waje sai a ga ɗan ƙaramin rami kamar na allura, amma a ciki sinadarin yana kashe nama, kuma idan aka yi jinkiri yana kai wa ga yanke yatsa. Duk wanda haka ta same shi a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita irin ruwan da ya shiga, domin aikin tiyata ne, ba na ɗaurin ƙyalle ba. Kada a sa yatsa a bakin bindiga, kada a toshe mesa mai yoyo da hannu. Idan baki ya toshe, yawancinsu ana juya su baya ne a danna kunama a kan kwali, dattin ya fice. Kafin a kwance komai a kashe inji, a sauke matsin da ya rage a mesa, a kulle kunama.

Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin rinin mai. Ana buƙatar mai gwangwanayen tace tururi a gefe, tare da tabarau na kariya da safar hannu. Sai kuma tsummokaran da suka sha rinin mai, waɗanda idan aka tara su a dunƙule suna ɗaukar zafi da kansu har su kama wuta ba tare da ashana ba. A shanya su ɗaya-ɗaya a fili har su bushe, ko a nutsar da su a bokitin ƙarfe mai ruwa.

Injin da aka kawo daga Amurka zai yi aiki da wutarmu?

Ba kai tsaye ba. Injinan da aka yi domin Amurka da Kanada suna aiki da bolt 120, ita kuwa wutar Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru tana tsakanin 220 da 240 ne, kuma wanda ya jona irin wannan inji ba tare da taransifomar rage ƙarfi ba ya ƙona shi. Wannan ya fi shafar masu sayen na hannu, don haka a karanta farantin da ke jikin injin. Idan da janareta za a yi aiki, ya zama ƙarfinsa ya zarce abin da aka rubuta da rata mai kyau, saboda inji yana jan wuta fiye da haka a lokacin tashi, kuma a ajiye janaretan nesa da inda ake feshi. Kafin a biya kuɗi a tabbatar ana samun bakin feshi da matata da robobinsa a kasuwar da ke kusa.

Rini yana hana gara? Baƙin mai fa?

Rinin gama-gari ba ya hana gara, aikinsa rana da ruwa ne. Maganin gara dabam yake, irin su Solignum da kafintoci suka sani, kuma ana shafa shi ne tun kafin a kafa shinge, musamman a gindin dirkokin da za su shiga ƙasa, a bar shi ya bushe sarai, a gwada rinin a kan ɗan guntu a ga ko zai kama. Ya kamata kuma a ɗaga ƙasan fallaye daga ƙasa da kamar santimita 5.

Baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke shafa wa katakon rufi, bai dace da shinge ba. Ba ya bushewa, yana ɓata tufafin duk wanda ya jingina, ruwan sama yana wanke dattinsa zuwa cikin ƙasa, dabbobi suna lasa, kuma katakon da ya sha shi ba zai sake karɓar rini ba. Fesa shi ya fi shafa shi muni, tunda a nan shaƙarsa za a yi.

Yaya ake wanke inji a ajiye?

A wanke shi a ranar da aka gama, tun rinin bai daskare ba. A mayar da abin da ya rage a mesa cikin bokiti, sa'an nan a tura ruwa idan rinin na ruwa ne, ko tinar da gwangwani ya ambata idan na mai ne, har abin da ke fita ya zama garau. A kwance baki da matata a goge su da ƙaramin buroshi mai laushi. Kada a soka waya ko allura a ramin, domin da zarar ya buɗe ya tashi daga aiki. Injin matsi ba a ajiye shi da ruwa a ciki saboda tsatsa, ana zuba masa ruwan ajiya, irin Pump Armor na Graco. Wanda zai koma daga rinin mai zuwa na ruwa, ko akasin haka, sai ya yi wanki biyu, domin idan suka haɗu a cikin mesa suna dunƙulewa.

Bayan shekara nawa za a sake?

Ya danganta da yawan launin rinin da kuma ranar da ke dukan shingen. Man kariya marar launi yakan buƙaci sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu, mai matsakaicin launi yakan kai biyu zuwa huɗu, mai duhu kuma ya fi su daɗewa, sai dai shi idan ya tsufa yana ɓarewa kamar fenti, dole a kankare shi kafin a sake. Gefen da rana ta fi duka shi ke fara koɗewa, kuma babu laifi a sabunta shi shi kaɗai. Gwajin yayyafa ruwa da aka bayyana a amsar shirya katako shi ne ma'auni a nan ma: idan katakon ya fara shanye ruwan yana yin duhu a wurin, lokaci ya yi. A rubuta sunan rinin da lambar launinsa da lambar bakin da aka yi aiki da shi a ajiye tare da injin, domin na ruwa ba ya kama katakon da ke da sabon rinin mai a jikinsa.